Injin da Ya Zubar da Darajar Dizal a Amurka

A farkon shekarun 1980, duk wanda ya shiga kasuwar motocin hannu a Amurka yakan ci karo da abin mamaki: ga ƙatuwar mota ƙirar Oldsmobile ko Cadillac, fenti na sheƙi, kujeru ba su koɗe ba, shekarunta ba su wuce uku ba, amma farashinta ya faɗi ƙasa warwas. Dalilin yana rubuce a jikinta da kalma ɗaya, wato dizal. Mai saye yana ganin ya tsinci dami a kala, alhali wanda ya sayar ya san abin da ya rabu da shi.

Asalin labarin yana komawa ga watan Oktoba na 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa masu arzikin man fetur suka dakatar da sayar wa Amurka mai saboda goyon bayanta ga Isra'ila a yaƙin wannan shekara. Cikin watanni kaɗan gangar ɗanyen mai ta tashi daga kimanin dala 3 zuwa kusan dala 12. A 1975 majalisar dokokin ƙasar ta kafa doka da ta tilasta wa kamfanonin ƙera motoci rage shan mai: mil 18 a kan galan guda a 1978, zuwa mil 27.5 a 1985. Kamfanin General Motors ya shiga tsaka mai wuya, domin ribarsa tana cikin manyan motoci, su kuwa su ne masu zuƙar mai. Dizal ya zama mafita, tun da yana kai mota nesa da ɗan mai kaɗan ba tare da an rage mata girma ba.

Reshen Oldsmobile ne ya ɗauki aikin. Maimakon a zana sabon inji tun daga tushe, sai aka ɗora shi a kan fasalin injin fetur mai silinda takwas da lita 5.7 da kamfanin ya daɗe yana ƙerawa, domin a ci gaba da amfani da na'urorin masana'anta da ake da su. An ƙara wa gangar injin kauri, aka fitar da shi a motocin 1978.

A nan ne matsalar take. Injin fetur yana kunna mai da tartsatsin fulogi, shi kuwa na dizal ba ya da wannan. Yana matse iska ne har ta yi zafin da man zai kama wuta da kansa. Injin fetur na wancan zamani yakan matse iska kamar sau 8, na dizal ɗin Oldsmobile kuwa fiye da sau 22. Duk da wannan bambanci, an bar murfin silinda da kusoshi goma-goma a kowane ɓangare, daidai da na fetur. Da tafiya ta yi tafiya sai kusoshin su saki ko su karye, gaskit ya ƙone, ruwan lagireto ya kwarara cikin silinda. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, saboda haka da fistin ya taso ya same shi, sai ƙarfen da ke tura shi ya lanƙwashe, inji ya buga.

Aibi na biyu ya fi na farko sauƙin magani, amma an yi sakaci da shi. Ba a sa wa motocin matatar da ke raba ruwa da mai ba, a lokacin da man dizal na gidajen mai da yawa yake ɗauke da ruwa. Ruwan yakan sa famfon da ke fesa mai ya yi tsatsa. Wasu masu motoci suka riƙa zuba sinadarin giya a tanki don ya shanye ruwan, kamar yadda suka saba yi wa motar fetur, sai sinadarin ya cinye robobin cikin famfon. Yawancin kanikawan dillalai kuma ba su taɓa buɗe injin dizal ba, don haka gyara ya riƙa haifar da sabon gyara.

Juyin juya halin Iran na 1979 ya sake tayar da farashin mai, mutane suka yi rububin sayen waɗannan motoci kafin labarin ya bazu. A 1981 an sayar da fiye da 300,000. A shekarar ne kuma aka fito da injin da aka yi wa gyare-gyare masu ma'ana, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Masu motoci sun haɗa kai sun shigar da ƙara, kamfanin ya biya wani ɓangare na asararsu, wasu kuwa suka cire injin suka dasa na fetur. Daga 1985 aka daina ƙera shi.

Masanin tattalin arziki George Akerlof, wanda ya sami kyautar Nobel a 2001, ya riga ya bayyana irin wannan yanayi tun 1970. Idan mai saye ba zai iya bambance mota mai lafiya da mai ciwo ba, zai taya dukkansu da matsakaicin farashi wanda bai kai na mai lafiya ba, masu lafiyayyun motoci kuma su ƙi sayarwa. Haka aka yi. Wake ɗaya ya ɓata gari: injin 1981 da aka gyara ya yi kwantai tare da na 1978, kuma Amurkawa suka juya wa ƙananan motocin dizal baya na tsawon shekaru, duk da cewa Mercedes masu dizal na wannan zamani sun yi suna wajen ƙarko, kuma a Turai dizal ya ci gaba da bunƙasa.

Abin da wannan tarihi ya bar wa mai neman motar dizal ta hannu shi ne cewa ciwon inji iri biyu ne. Akwai wanda tsohon mai mota ya jawo da rashin kula, wannan kuɗi na iya warkar da shi. Akwai kuma wanda aka haifi injin da shi tun daga teburin zane, shi kuwa komai ƙwarewar bakanike zai dawo. Kafin a tambayi nisan da mota ta yi, ya kamata a san sunan injinta, da shekarar da aka ƙera shi, da abin da ya sami 'yan uwansa.