Daga Bangon Littafi Zuwa Fuskar Waya

Matashin da ya buɗe shafi yau yana neman masu karanta labarinsa yakan ɗauka sabon abu ya faro. Amma idan muka waiwayi tarihin ƙagaggun labaranmu, za mu ga marubucin Hausa ya daɗe yana tallata kansa. Kayan aikin ne kawai suka sauya.

Da farko dai ba haka abin yake ba. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi. Marubutan wancan zamani babu ruwansu da talla: hukuma ta buga, makarantu su saya. Haka aka ci gaba a zamanin NORLA, har zuwa kamfanin NNPC da aka kafa a 1966. Ƙofa ɗaya ce, wanda ba a buɗe masa ba sai rubutunsa ya tsufa a akwati.

A shekarun 1980 tattalin arziki ya taɓarɓare, manyan kamfanoni suka ja baya, ga kuma yaran da suka shiga makaranta a shirin ilimin firamare kyauta na 1976 sun tasa suna neman abin karantawa. Sai matasa suka riƙa kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino ya biyo da In Da So Da Ƙauna. Masu suka suka raɗa wa harkar suna adabin kasuwar Kano.

A nan ne muka koyi neman mai karatu da kanmu. Marubuci kan sa hotonsa da adireshinsa a bango, ya jero littattafansa masu fitowa, ya buga wasiƙun masoya a kashi na gaba. 'Yan ƙungiyar Raina Kama sukan tallata littattafan junansu. Akan yanke labari daidai inda ya yi daɗi, a ce sai a littafi na biyu. Masu shagunan haya da gidajen rediyon da ke karanta littattafai suka kai sunan marubuci har cikin ɗakunan matan aure.

Da wayar hannu ta yaɗu, takarda ta yi tsada, sai kasuwar ta koma Facebook, Wattpad da zaurukan WhatsApp, kuma mata ne suka fi yawa a cikinta. Tsarin bai yi nisa da na da ba. Marubuciya kan saki shafukan farko kyauta, idan labari ya kama mutane ta ce saura na kuɗi ne, a tura ta banki ko katin waya, a shigar da mutum zaure na musamman. Sharhin da ake jiransa wata guda ta gidan waya, yanzu kafin gari ya waye ya iso. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ita ma ta fito da sunayen da ba a taɓa gani a bangon littafi ba.

Sai dai akwai bambanci guda mai nauyi. Mai littafin takarda yana da kayansa a hannu, mu kuwa a filin wasu muka yi gini. Manhajar OkadaBooks, wadda aka buɗe a 2013 kuma marubutanmu da dama suka sayar da littattafai a cikinta, ta rufe a 2023. A kan toshe lambar waya, zaure ya watse dare ɗaya. Wani kan kwafe littafin kuɗi ya raba kyauta, ko ya karanta shi a YouTube ba da izini ba, wani lokaci ma ya goge sunan mai shi.

Abin da ya tsira daga duk waɗannan sauye-sauye shi ne suna. Har yau ana neman littattafan Bilkisu Funtuwa, ko da shagon da aka fara hayarsu ya rufe, domin masu karatu sun san alƙalaminta. Don haka sabon marubuci ya tsaya kan suna ɗaya, ya ƙarasa labarin da ya fara, ya adana rubutunsa a inda ya mallaka, kuma ya bar wa masu karatunsa hanya fiye da ɗaya ta samunsa. Kayan aro ba ya rufe katara.