Ido, Allo da Zafin Bazara: Nazari kan Yawan Hotuna a Daƙiƙa

A shagunan wasan PlayStation na Dutse, da wuya a yi awa guda ana buga ƙwallo ba ka ji wani ya ce gem ɗin yana maƙalewa ba. Akan ɗauki maganar a matsayin uzurin wanda aka ci, alhali sau da yawa idonsa gaskiya ya faɗa masa.

Babu abin da ke motsi a allo. Hotuna ne tsayayyu ake jerowa da sauri, ƙwaƙwalwa ta ɗinke su su zama gudu da tsalle. Max Wertheimer ya yi nazarin wannan ruɗin gani a Jamus tun 1912. Masu sinima sun tsaya a kan hotuna 24 a daƙiƙa a ƙarshen shekarun 1920, lokacin da sauti ya shigo fim. Talabijin ɗinmu na tsarin PAL ya ɗauki 25, domin lantarkin Najeriya yana juyawa sau 50 a daƙiƙa, Amurka kuwa mai 60 ta ɗauki kusan 30. Tsadar fim da yanayin wuta ne suka yanke waɗannan adadi, ba iyakar ido ba, don haka masu cewa ido ba ya ganin fiye da hotuna 30 sun yi kuskure. A 2014, Mary Potter da abokan aikinta a jami'ar MIT sun nuna mutum na iya gane hoton da aka haska masa na milisakan 13 kacal, wato kashi 13 cikin 1,000 na daƙiƙa.

Mai kallon fim ɗin Kannywood ido kawai ya sa, 25 ta wadace shi. Mai riƙe da fad ɗin gem kuwa amsa yake jira. A hotuna 30, kowane hoto yana zama milisakan 33 kafin na gaba ya fito. A 60 ya koma 17. A 120 ya koma 8. Ka ga ke nan ribar tashi daga 30 zuwa 60 ta ninka ta tashi daga 60 zuwa 120, abin da ya kamata mai sayen waya ya sani kafin ya zuba kuɗi.

Sai dai a ganina, abin da ya fi damun matasanmu rashin daidaiton zuwan hotunan ne. A Afrilu, zafi a Dutse kan haura digiri 40. Na tsaya kan wani yaro yana buga Free Fire a gindin darbejiya, wayar a cikin kwanson roba, an jona ta da caji. Da farko lafiya lau. Can sai bayanta ya ɗau zafi, injin ciki ya rage wa kansa gudu don kada ya lalace, hoto ya fara tsalle-tsalle. Nan take ya ɗora laifin kan netwok. Amma alamun sun bambanta: in netwok ne, allo na tafiya sumul, abokin gaba ne ke ɓacewa ya ɓullo wani wuri, in zafi ne, duk abin da ke allon ne ke rawa. Ƙwaƙwalwa tana hasashen inda abu zai kai bisa tafiyar da ta saba gani, shi ya sa hotuna 30 masu zuwa a kan kari suka fi 60 masu faɗowa 25 ba zato daɗin hannu.

Da ya cire kwanson, ya zare cajin, ya rage kyan hoto a saiti, wayar ta huce, rawar allon ta lafa.