Duwatsun Rasha: Tarihin Jirgin Wasa na Katako

A Yamai, duk ranar Sallah, ƙarama ko babba, hanyar da ta nufi Gidan Ajiye Kayan Tarihi na Bubu Hama takan cika maƙil da yara cikin sababbin tufafi, kowa da ƴan kuɗin barka da sallarsa dunƙule a hannu. Sun zo kallon zaki da dorina, da ƙasusuwan manyan dabbobin dauri da aka tono a hamada, da busasshen iccen Tenere wanda aka ɗauko aka killace a nan tun 1973. Amma duk wanda ya lura da yara ya san kallo kaɗai ba ya ƙosar da su: in sun sami igiya da reshe sai lilo, in sun sami gangare sai zamiya. Abin da suke nema shi ne ƴar faɗuwar gaban nan da ba ta da lahani, wadda kan ƙare da ihu da dariya. A kan wannan marmari ne Turawa suka gina sana'a guda, wadda ɗan lakwal yakan ci karo da sunanta a littafin Faransanci, wato montagnes russes, ma'ana duwatsun Rasha: ƴan taragu marasa inji da ke gudu a kan siririn dogo mai tudu da gangare.

Sunan bai yi ƙarya ba. Tun ƙarni na 17 mutanen Rasha sukan kafa dogon dandamali na katako a lokacin sanyi, su jingina masa gangare, su kwarara ruwa ya daskare, sa'an nan a hau da tsani a sulalo a kan ɗan allo. Wasan biki ne, musamman a makon da ke gabanin azuminsu, talaka da basarake kowa na yi. Sarauniya Katarina ta Biyu ta so wasan har ta ƙi jiran sanyi, aka gina mata nata a fadarta ta Oranienbaum tsakanin 1762 da 1774, mai taragu masu ƙafafu a maimakon ƙanƙara. Daga nan abin ya isa Faransa. A 1817 aka buɗe Promenades Aériennes a lambun Beaujon na birnin Paris, inda aka maƙala ƙafafun taragu a jikin dogon don kada su kauce. Abin dariya, su mutanen Rasha na yau duwatsun Amurka suke ce da shi, kuma suna da hujja, domin a Amurka ne wasan ya zama sana'a.

A can, daga ramin gawayi ya fito. A 1827 aka shimfiɗa dogo na kimanin kilomita 14 a Mauch Chunk, cikin jihar Pennsylvania, don gangaro da gawayin dutse daga tsauni zuwa bakin kogi. Taragun da nauyinsu suke gangarowa, alfadarai kuma su ja su fanko zuwa sama. Da an kai sama sai a loda alfadaran a nasu tarago su ma su sha gangare, wanda watakila shi ne kaɗai hutun da alfadari ya taɓa samu a wurin aiki. Bayan 1872, da aka sami wata hanyar fitar da gawayi, dogon ya koma ɗaukar masu yawon buɗe ido kawai.

Wani mutum mai suna LaMarcus Thompson ne ya ƙanƙance wannan dabara ya kawo ta bakin teku a Coney Island, wajen New York, a 1884. Jirginsa na katako ne, tsawon dogonsa mita 180 ne kacal, gudunsa bai wuce kilomita 10 a awa ba, wato ko mai keke ya fi shi sauri. Fasinjoji da ƙafarsu suke hawa bene, ma'aikata kuma su tura taragon da hannu. Kuɗin shiga santi biyar ne, abin da lebura zai iya biya wa kansa da ɗansa. Cikin ƴan makonni Thompson ya mayar da uwar kuɗinsa. Wannan shi ne abin da ake yawan mantawa idan ana kallon hotunan manyan jiragen yau: asalin abin ƙarami ne, mai araha, aikin kafinta, kuma don masu ƙaramin ƙarfi aka yi shi. Kamfanonin jiragen lantarki na cikin gari su ne suka yaɗa shi. Ganin ba su samun fasinja ranar Lahadi, sai suka riƙa buɗe ƙananan lambunan wasa a ƙarshen layinsu, don iyalai su biya kuɗin tafiya su kuma biya na wasa.

Yadda jirgin ke aiki darasi ne da malamin kimiyya zai iya bayarwa da ƙwallo da kwano. Sarƙa ce ke jan taragu zuwa ƙololuwar tudun farko, kuma nan kaɗai ake buƙatar wuta. Daga nan nauyi ne ke yin sauran aiki, shi ya sa kowane tudu na gaba dole ya gaza na farko tsayi. A 1919 John Miller ya yi rajistar wata dabara: ƙarin ƙafafu a ƙarƙashin dogon, masu riƙe tarago kada ya yi tsalle ya fice. Da wannan aka sami damar yin gangare mai tsanani, kamar Cyclone na Coney Island da aka buɗe a 1927, mai tsayin mita 26. A shekarun 1920 jiragen katako sun haura dubu a Amurka. Karayar tattalin arziki ta 1929, da yaƙin duniya na biyu, da zuwan talabijin suka kwashe masu zuwa, aka rushe mafi yawansu, wasu kuma gobara ta cinye.

A 1959 Disneyland ta buɗe Matterhorn, jirgi na farko mai dogon bututun ƙarfe, wanda ake iya lanƙwasawa yadda aka ga dama. A wannan shekarar ce kuma aka kafa gidan tarihi na Yamai, bisa himmar Bubu Hama da Pablo Toucet, waɗanda suka ƙi yin gini guda rufaffe, suka zaɓi fili mai faɗi da ɗakuna a warwatse, da namun daji, da rumfunan maƙera da masaƙa da dukawa, domin wanda bai yi karatu ba shi ma ya shiga ya amfana. Tunanin nan ya fi kusa da santi biyar na Thompson fiye da hanyar da manyan wuraren wasa suka ɗauka daga baya, ta gasar tsayi da tsada. Masu katako ma sun shiga gasar, ba su ji da daɗi ba. Son of Beast, da aka buɗe a jihar Ohio a 2000 da tsayin mita 66, ya riƙa jijjiga mutane har da raunuka, aka rufe shi a 2009, aka rushe a 2012. Icce yana da iyakar abin da zai ɗauka.

Bayan wannan ne magina suka waiwayi ƙananan lambuna. A 2011 Quassy, wani ɗan wurin wasa a jihar Connecticut wanda kamfanin jirgin lantarki ya kafa tun 1908, ya buɗe Wooden Warrior, aikin kamfanin The Gravity Group. Tsayinsa bai kai mita 12 ba, dogonsa bai kai mita 400 ba, kaka da jika suna iya zama kujera ɗaya, kuma masana harkar sun yaba shi fiye da wasu da suka ninka shi girma. A 2016 kamfanin ya gina Timber, mai mita 17, a Walibi Rhône-Alpes ta Faransa. Dabarar ita ce ƙananan tuddai a jere kusa da ƙasa, inda ido ke ganin gudu ya fi yadda yake.

Ƙungiyar raya al'adu ko magajin gari da zai yi sha'awar irin wannan don yaran Yamai, sai ya fara da duban icce kafin ya dubi farashi. Dogon jirgin alluna ne bakwai ko takwas da ake ɗora wa juna, a buga ƙusa, a shimfiɗa siririn ƙarfe a sama. Icce kuwa yana numfashi: ya kumbura da damina, ya tsuke ya tsage da hunturu, balle zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Ga kuma gara, wadda ba ta san darajar kayan waje ba. Magabata sun san maganinta, shi ya sa suke rufin soro da azarar giginya, irin ta Dallol Mauri a yankin Gaya. Sai dai giginya tana ɗaukar shekaru da dama kafin ta isa sara, ma'aikatan gandun daji na tsaron ta, kuma ba ta tsaguwa ta ba da allo mai laushin lanƙwasawa. Allunan da ake sayarwa a kasuwar Katako, wadda daga gare su ta samo sunanta, galibi daga ƙasashen bakin teku manyan motoci ke kawo su. Hannu dai akwai shi: wanda ya ga yadda masu sana'ar kasuwar nan ke mayar da tsohuwar ganga akwati, su narka gwangwani ya zama tukunya, ba zai yi shakkar gwanintarsu ba.

Abin da ya fi gini wuya shi ne kulawa. A duk inda jirgin katako yake aiki, kafintoci ne ke fara hawansa da ƙafa kowace safiya kafin a buɗe ƙofa, guduma a hannu, suna bin dogon taku-taku, suna ɗaure abin da ya kwance, suna sauya allon da ya ruɓe, kuma albashinsu ba ya tsayawa ko da ranar da babu mai hawa. Rutschebanen na lambun Tivoli a Copenhagen yana gudu tun 1914, har yau da mai birki zaune a tsakiyar taragu yana ja da hannu, saboda ba a taɓa sakin hannu da gyaransa ba. Leap-the-Dips na garin Altoona a Pennsylvania, wanda ya girme shi da shekara 12, an rufe shi a 1985, mutanen gari suka yi karo-karo aka farfaɗo da shi a 1999, sa'an nan a 2024 masu lambun suka sake tsayar da shi, suka ce kuɗin gyara da na inshora sun fi ƙarfin abin da ake samu a ƙofa.