Sinadarin Boron: Yadda Yanayin Ƙasa Ke Hana Shi Isa Ga Shuka A Gonakin Mahuta

Boron na daga cikin sinadaran da shuka ke buƙata kaɗan ƙwarai, amma idan ta rasa shi ba ta iya kammala fure da ƙwaya. An tabbatar da haka a shekarar 1923, a binciken da Katherine Warington ta yi kan wani nau'in wake a cibiyar Rothamsted da ke Ingila. Batun ya shafi Mahuta da sauran yankin Funtua da Malumfashi kai tsaye, domin auduga da masara da gyaɗa da waken suya duk suna jin rashinsa, kuma yuriya da NPK 15-15-15 da aka saba saye ba don samar da shi aka haɗa su ba.

Abin da ya bambanta boron da yawancin sinadaran taki shi ne ba ya manne wa ƙasa da ƙarfi. Yana narke ne cikin damshi, duk inda ruwa ya nufa can yake bi. A ƙasar jigawa mai yashi, mamakon watan Agusta kan wanke shi ya nutsa ƙasa da inda saiwa ke kaiwa. Jangargari da laka sun fi riƙe shi, saboda yumɓu da tsatsar ƙarfen da ke ba ƙasa launin ja suna kama wani kaso, su riƙa sakinsa sannu a hankali. Sai dai yumɓun wannan yanki galibi mai raunin riƙo ne, don haka jan ƙasa ba tabbaci ba ne.

Babban rumbun boron a saman ƙasa shi ne ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi. A nan ne matsalar yankin ta fi tsanani: bayan girbi ana kwashe kara don danga da makamashi, karmami da harawa su tafi ga dabbobi ko kasuwa, abin da ya rage kuma a cinna masa wuta lokacin sharar gona. Gonar da aka shekara goma ana ɗiba ba a mayarwa, ba abin mamaki ba ne idan ta gaza.

Fari ma yana da nasa ta'adin, ko da sinadarin na nan. Shuka tana samun boron ne tare da ruwan da saiwa ke zuƙa, kuma a yawancin amfanin gona, da zarar ya zauna a tsohon ganye ba ya sake tashi zuwa sabon toho. Ke nan ana buƙatarsa kullum, ba yankewa. Idan ruwa ya ɗauke lokacin da masara ke fitar da gemu, sai a sami goyo mai giɓi, ƙwaya nan da can. Auduga kan zubar da fure da ƙananan ƙwallo, gyaɗa kuma a ɓare ta a tarar da rami mai duhu a tsakiyar ƙwayar. Ɗan kasuwar da ya taɓa sayen irin wannan gyaɗa ya san asarar, ko bai san sunan dalilinta ba.

Tsamin ƙasa shi ma yana da tasiri. Idan ma'aunin pH ya haura 7, ƙasa na ƙara ƙanƙame boron, shuka ta kasa samu. Hakan kan faru inda aka zuba farar ƙasa fiye da kima, ko inda toka ta taru da yawa.

Magani yana da sauƙin faɗa, amma yana da haɗari. Tsakanin ƙarancin boron da yawansa mai ƙona shuka tazara ce 'yar kaɗan. Abin da aka saba ba da shawara bai wuce rabin kilo zuwa kilo 2 na sinadarin a hekta guda ba. Garin boraks, wanda kusan kashi 11 cikin 100 nasa boron ne, kilo 10 kan wadatar da hekta. Idan aka zarce, bakin tsofaffin ganye ya yi rawaya ya bushe, wake kuwa yana cikin masu saurin cutuwa. Zuba shi a rami ɗaya da iri kuskure ne babba.

Kuma alamun da aka ambata ba boron kaɗai ke jawo su ba: tsutsa da zafi da ƙishin ruwa duk suna zubar da furen auduga. Shi ya sa ma'aikacin da ke noma daga nesa, yana aika kuɗin taki daga Katsina ko Abuja, ya fi kyau ya fara da gwajin ƙasa. Masana kan ɗauki abin da ya gaza kimanin rabin miligiram a kilo guda na ƙasa a matsayin ƙaranci. Ana iya neman bayanin gwajin a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda binciken auduga da masara da gyaɗa ke cikin aikinta.