Waƙa da Hira Bayan Hari: Darasi Daga Tarihin Ekklesiyar 'Yan'uwa

A da labarin ta'addanci a rediyo muke jin sa, daga Borno da Yobe. Yau ya iso jiharmu. A ranar 17 ga Yuni, 2021, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, suka kwashe ɗalibai da malamai. A watan Nuwamba 2024 kuma Lakurawa suka kai hari Mera, a ƙaramar hukumar Augie, nan kusa da Argungu. To, idan an binne waɗanda suka mutu, masu gaisuwa sun watse, yaya za mu yi da waɗanda suka rage? Akwai 'yan'uwa da suka riga mu bin wannan hanya mai ƙaya. Bari mu duba tarihinsu.

Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, ta samo asali ne daga Garkida, inda aka yi sujada ta farko a gindin tsamiya ranar 17 ga Maris, 1923. Tun fil azal ikkilisiya ce mai koyar da salama da ƙin ramuwa. An gwada wannan koyarwa da wuta a shekara ta 2014. A daren 14 ga Afrilu aka sace 'yan mata 276 a makarantar Chibok, yawancinsu 'ya'yan wannan ikkilisiya ne. Ranar 29 ga Oktoba kuma Boko Haram ta mamaye hedkwatarta a Kwarhi, kusa da Mubi. Shugabanni suka koma Jos, jama'a suka warwatsu, waɗansu cikin duwatsu, waɗansu har Kamaru.

An kai musu abinci da tabarmi, amma ba da daɗewa ba aka gane cewa akwai ciwon da hatsi ba ya warkarwa. Wani ba ya barci. Wata ta daina magana. Wani saurayi ba abin da ke ransa sai ɗaukar fansa. Sai ikkilisiya ta soma shirya tarurrukan warkar da raunin zuciya, ta hanyar da aka koyo daga Ruwanda, ƙasar da ta ga kisan ƙare dangi a 1994. Mutane kaɗan ne sukan zauna tare na kwana uku. Kowa ya faɗi abin da idonsa ya gani, sauran su saurara, ba mai katse shi, ba mai ce masa ya yi shiru. Sai an zubar da hawaye tukuna ake taɓa maganar gafara. Hausawa sun ce ciwon da aka ɓoye shi ke kisa, kuma a nan aka ga gaskiyar haka.

Abu na biyu shi ne waƙa. Zumuntar Mata ba ta ajiye ganga da tulu ba, ko a sansanin gudun hijira. A 2015 ƙungiyar mawaƙansu ta zagaya ikkilisiyoyi a Amurka, har ta rera waƙa a babban taron shekara na 'Yan'uwa a birnin Tampa. Matan da garuruwansu ke hannun maƙiya suka tsaya gaban dubban mutane suna yabon Allah da Hausa. Ba mantawa suka yi ba. Waƙar ce ta ɗauki nauyin da baki ya kasa ɗauka.

Masu aikin hannu ma sun ba da nasu. A 2022 ɗaliban Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife, tare da wata mai sassaƙa 'yar Faransa, Prune Nourry, suka gina kawuna 108 na yumɓu, daidai da yawan 'yan matan Chibok da ba su dawo ba a lokacin, aka nuna su a Legas. Yumɓu ba ya dawo da yarinya gida, amma ya hana duniya ta mayar da ita lamba kawai.

Wannan ba sabon abu ba ne ga mai karanta Littafi Mai Tsarki. Bayan rushewar Urushalima, jama'ar Allah sun zuba baƙin cikinsu cikin waƙoƙin Littafin Makoki. A Luka sura 24, almajirai biyu suna tafiya Imuwasu da karyayyar zuciya. Yesu bai fara da wa'azi ba. Tambayarsu ya yi, ya bar su suka faɗi damuwarsu, sa'an nan ya buɗe musu Nassi.

Saboda haka, 'ya'yana, ga aikinku. A cikinmu akwai waɗanda suka baro ƙauyukansu a ƙasar Zuru da Yauri ba da son ransu ba. Kada ku tsaya ga ce musu “sai haƙuri” ku wuce. Ku zauna da su, ku saurara har su gama. Ku jawo su cikin ƙungiyar mawaƙa, ku koyi waƙoƙinsu na gida. Mai iya zane ya zana, mai iya wasan kwaikwayo ya shirya. Maƙwabcinku Musulmi da aka kashe masa ɗan'uwa, ku je ku yi masa ta'aziyya, gama harsashi bai tambayi addini ba. Wanda kuma kuka ga ciwonsa ya fi ƙarfin hira, ku raka shi wurin fasto da likita.

Allah na dukan ta'aziyya ya ba ku kunnen saurare da muryar waƙa. Amin.