Daren Da Na'urar Tuƙi Ta Saki Jirgi

Maƙalarmu ta wannan mako za ta mai da mu farkon zamanin jiragen jet masu ɗaukar fasinja.

A watan Oktoba 1958 kamfanin Pan Am na Amurka ya fara jigila tsakanin Niyu Yok da Faris da sabon jirgi ƙirar Boeing 707. A irin wannan doguwar tafiya, na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta ce ke riƙe shi, matuƙa kuma su sa ido.

Ranar 3 ga Fabrairu 1959, ɗaya daga cikin jiragen ya taso daga Faris ya biyo ta Landan. Cikin dare, yana ƙafa 35,000 a saman Tekun Atilantika, sai Kyaftin Waldo Lynch ya bar ɗakin tuƙi ya shiga wajen fasinjoji. Mataimakinsa ya duƙufa kan lissafin hanya. Ana haka na'urar ta saki tuƙin. Fitilar da za ta yi gargaɗi kuwa an rage mata haske, ba wanda ya lura.

Jirgin ya karkata, ya sunkuyar da hanci ya nufi teku. Da ƙyar kyaftin ya ja jiki ya koma kujerarsa, ya rage wa injuna wuta, ya daidaita fikafikai. Bai shawo kan jirgin ba sai a wajen ƙafa 6,000. Sun sauka a Gander ta ƙasar Kanada, jirgi ya lalace amma ba a rasa rai ba.

Mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma masu bincike ba su tsaya nan ba. Sun ce babban dalili shi ne rashin kulawar mataimakin bayan na'urar ta saki tuƙi.

Darasin bai shiga da wuri ba. Ranar 29 ga Disamba 1972, matuƙan wani jirgin Eastern Air Lines suka shagala da ƙwan fitilar da ke nuna saukar tayar gaba, wanda ya mutu, alhali tayar lafiya lau take. Na'urar ta daina riƙe tsayin jirgin, ya yi ta sauka sannu a hankali har ya faɗa fadamar Everglades kusa da Miyami. Mutum 101 suka rasu.

A duka biyun injuna na aiki. Abin da ya faru shi ne na'ura ta ajiye aikin, mutane kuma suna zaton yana hannunta. Shi ya sa a jiragen fasinja na yau ƙara ce ke tashi da zarar ta saki tuƙi, kuma ana horar da matuƙa cewa kowace matsala ta taso, dole mutum ɗaya ya zuba wa tafiyar jirgin ido.

Muna jiran tsokacinku a ƙasa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.