Tarihin iccen gona: daga takobin Sarki Tanimu zuwa sassabin zamani

Duk ranar 3 ga watan Agusta muna bikin dashen itatuwa, al'adar da ta soma tun 1975 zamanin Seyni Kountché. Amma idan na dubi tarihin gonakinmu, sai in ga itatuwan da suka fi yi mana amfani ba dasa su aka yi ba, barin su aka yi suka tashi.

A ƙasar Damagaram har yau ana ba da labarin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, cewa ya hana sare gawo, wanda duk ya sare kuwa a bakin ransa. Dalilin a fili yake ga manomi. Gawo yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa hatsi rana. Da rani kuma yana yin ganye da ƴaƴa, bisashe su taru a inuwarsa su bar taki. Shi ya sa hatsin gindin gawo ya fi na fili kyau.

Da Turawan Faransa suka zo, dokar gandun daji ta 1935 ta sa itatuwa masu daraja a hannun hukuma, dokar 1974 kuma ta bi sawunta. Manomi na iya shan tara a kan iccen da ke tsakiyar gonarsa. To, wa zai yi renon abin da zai jawo masa ma'aikatan daji? Ga kuma malaman gona suna koyar da cewa gonar kirki ita ce wadda aka share ƙal, don gyaɗa da garmar shanu. Haka aka yi ta tumɓuke toho, har farin 1973 da na 1984 suka iske ƙasa tsirara, iska na binne shuka da rairayi.

An yi ƙoƙarin dashe. Layukan bedi da aka soma a kwarin Majiya na jihar Tawa a 1975 sun kama, sun kuma tare iska. Amma a wurare da yawa ƙishirwa da awaki suka cinye dashen.

A 1983, a yankin Maraɗi, wani ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa sabara da kalgon da ake sassabewa kowace shekara kututture ne masu rai, saiwoyinsu na can ƙasa. Sai a zaɓi toho kaɗan masu ƙarfi, a datse sauran, a kare su. Shi ne sassabin zamani. Lokacin yunwar 1984 an ba da abinci ga masu yin sa, kuma da abincin ya ƙare da yawa suka sare. Waɗanda suka bari suka samu iccen girki da abincin bisashe, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Bayan shekara 20, masu bincike da hotunan tauraron ɗan'adam sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200.

A ganina sirrin ba a wuƙar datsa kaɗai yake ba. Yana cikin sassaucin da hukuma ta yi, har manomi ya soma cewa "iccena". Dokar 2020 kan sassabin zamani ta tabbatar masa da wannan haƙƙi a rubuce. Sauran aiki shi ne labarinta ya kai kowane ƙauye, manomi da ma'aikacin daji su san ta tare.